DAGA RIRUWAI ZUWA TUKUNYAR NUKILIYA: TARIHIN WANI ƘARFE

Jama'a, wa ya tuna ƙwan lantarkin nan mai zafi da muka taso muna gani a shagunan Ajingi da Gaya? Siririn zaren da ke ja a cikinsa ƙarfe ne mai suna tangistin. Sai zafi ya kai digiri 3,422 yake narkewa, babu ƙarfen da ya kai shi juriya. A 1910 William Coolidge na kamfanin General Electric ya gano yadda za a ja shi ya zama zare.

Dutsen da ake fitar da shi, wato wulfaram, akwai shi a jiharmu, a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, tare da kuza. Turawan mulkin mallaka sun haƙa a can. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, Jamus da Ingila har rige-rigen sayensa suka yi a Fotugal saboda harsashi mai huda tankar yaƙi.

Yau darajarsa ta koma wani fagen. A kudancin Faransa ana gina ITER, tukunyar da za ta haɗe ƙwayoyin zarra kamar yadda rana ke yi, a zafin digiri miliyan 150. Da tangistin za a shimfiɗe inda zafin ya fi dukan bangon. To amma fa tokar wannan wuta ita ce iskar heliyam. Ƙwayoyinta na kutsawa cikin ƙarfen, ba sa narkewa a ciki, sai su taru su yi ƙananan kumfa. Kumfar na fashewa, fuskar ƙarfen ta yi gashi-gashi kamar audugar rimi, ta rage iya ɗauke zafi. Masu bincike a Japan sun bayyana wannan a 2006, har yanzu ana neman maganinsa.

Mu fa? A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramin injin nukiliya da ya fara aiki a 2004, ana auna ma'adinai da shi. Ga dutse a Riruwai, ga na'ura a Zariya, amma ɗanye muke sayarwa, masu saye su yanka farashi.

Yaron Ajingi da ke karanta Fiziks a sakandare, wa zai gaya masa akwai wannan hanyar? Malamai da iyaye, aikin namu ne. Allah Ya sa mu dace.