Kiwon lafiya kyauta a Nijar

Kiwon lafiya kyauta tsari ne da gwamnatin Nijar ta shimfiɗa a 2005 da 2006, lokacin mulkin Tandja Mamadou. Ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar, awon ciki, tiyatar haihuwa da magungunan tazarar haihuwa. Ba a biyan kuɗin shiga. In ban da magungunan tazarar haihuwa, shekarun yaro ko juna biyu ne sharaɗi.

Mutanen ƙauyuka irin su Sabon Gida, a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, sukan fara da ƙaramin asibitin karkara, sannan a tura su asibitin gunduma. Asibiti ke yin aikin, gwamnati ta biya daga baya. Nan gizo ke saƙar: biyan yakan yi jinkiri, magani ya ƙare, iyaye su saya da kuɗinsu.