Tarihin na'urorin da ke gadin tashar nukiliya



A 1971 aka fara haƙo iraniyom a Arlit. An yi shekaru da dama ana kai shi Faransa don samar da wutar lantarki. Yau za mu ji tarihin na'urorin da ke gadin irin waɗannan tashoshi.

Iraniyom yana ba da zafi mai tsanani cikin wata babbar tukunya ta ƙarfe. Ruwa ke sanyaya ta. In ruwa ya ragu, tilas na'urorin tsaro su tsayar da aiki nan take.

Ran 28 ga watan Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta Amurka, wani marufin bututu ya buɗe, ya ƙi rufuwa. Fitilarsa ta mutu a ɗakin ma'aikata, suka ɗauka ya rufu. Ashe umurnin da aka aika kawai take nunawa. Ruwa ya yi ta zuba fiye da awa 2. Kusan rabin abin da ke cikin tukunyar ya narke.

Daga nan aka ƙara sa ido kan abin da na'ura ke gaya wa mutum. A 1984 Faransa ta ba kwamfuta aikin gadi a tashar Paluel. Kwamfuta tana da sauri, tana ma bincikar kanta. Amma hukumomi ba su saki jiki ba, kuma a ganina suna da gaskiya. Na'urorin tsaro huɗu-huɗu akan yi su, don in ɗaya ta lalace uku su riƙe. To, in kuskure ɗaya aka rubuta cikin dukansu fa? Kamar masu gadi huɗu ne da suka ci ruɓaɓɓen tuwo a akushi ɗaya: tare za su kwanta. Shi ya sa a tashar Sizewell B ta Ingila, wadda ta fara aiki a 1995, aka ƙara mai gadi na biyu wanda ba shi da kwamfuta.

Daga baya matsalar ta ɓullo ta wata ƙofa. In tsohon makunni ya lalace, sabon da za a sayo yakan zo da ƴar kwamfuta ɓoye a cikinsa, wani lokaci mai saye bai ma sani ba. A 2016 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta rubuta wa masu tashoshi takarda. Ta tuna musu cewa ƙa'idar binciken na'urorin tsaro ta hau kan waɗannan ƙananan ma, kafin a ɗaura su.