Yadda Littattafai Masu Hotuna Ke Koya Wa Ƙananan Yara Tushen Lissafi

Yaro ɗan shekara uku na iya rera ɗaya zuwa goma ba tare da tuntuɓe ba, amma idan aka zube masa dabino huɗu a tabarma aka tambaye shi nawa ne, sai ya ƙirga guda sau biyu ko ya tsallake wani. Haddar lambobi daban, fahimtar adadi daban. Yaron da ya shiga aji ɗaya da hadda kaɗai yakan kakare da zarar an fara tarawa da ɗebewa, a yi ta ce masa daƙiƙi alhali tushe ne bai samu ba.

A littafin da suka wallafa a 1978, masana biyu da ke aiki a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun bayyana abubuwan da yaro zai kama kafin a ce ya iya ƙirga: kowane abu lamba ɗaya yake ɗauka, lambobi suna bin juna a jere ɗaya da ba ya sauyawa, lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce jimillar abubuwan. Sannan ya gane cewa komai na iya ƙirguwa, kuma ko daga dama aka fara ko daga hagu, adadin ba ya canzawa.

Littafi mai hoto ya dace da wannan aiki domin abin da ke shafi ba ya motsi. Yaro zai ɗora yatsa a kan kowane hoto, ya yi kuskure, ya sake. Labarin kuwa shi ke sa shi son sanin amsar.

Misali na kusa shi ne Baby Goes to Market na marubuciya Atinuke, 'yar asalin Najeriya, wanda ya fito a 2017. Jariri ne goye a bayan mahaifiyarsa a kasuwa. Aka ba shi ayaba shida, ya ci ɗaya ya jefa biyar a kwandon da ke kanta ba ta sani ba. Aka ba shi lemu biyar, ya ci ɗaya ya jefa huɗu. Yaro na dariya, yana kuma ɗebe ɗaya daga shida ba tare da an ambaci lissafi ba. Ifeoma Onyefulu ma, a Emeka's Gift na 1995, ta yi amfani da hotunan da ta ɗauka a Najeriya wajen ƙirga ɗaya zuwa goma. Shi kuwa littafin ƙirga na Mitsumasa Anno, ɗan ƙasar Japan, ba shi da rubutun labari, yana tafiya daga sifili zuwa 12, don haka iyayen da ba su yi boko ba ma za su iya jan yaro da shi.

Littafin shi kaɗai ba ya koyarwa. Hirar da babba ke yi a kansa ita ce darasin. A bar yaro ya nuna da yatsa, a tambaye shi "duka nawa ke nan?" bayan ya gama ƙirgawa, domin nan ne da yawa ke komawa farko maimakon faɗin jimilla. A tambayi wanne ya fi yawa, wanne ya fi tsawo, mene ne a sama ko a ƙarƙashi. Siffa da girma da wuri duk lissafi ne, ko da yake an fi mantawa da su.

Gara kuma a yi hirar da harshen gida. Ƙirgan Hausa na da sauƙin da Turanci ba shi da shi: "goma sha ɗaya" da kanta tana faɗa wa yaro cewa goma ce aka ƙara mata ɗaya. Inda yakan buƙaci taimako shi ne ashirin, talatin da arba'in, kalmomin da aka aro daga Larabci, waɗanda ba sa nuna masa gomomi nawa ke cikinsu.

Ba kowane littafi ne ya dace ba. Wanda aka cunkushe shafinsa da zane har abin ƙirgawa ya ɓace, ɗaure wa yaro kai kawai yake yi. Inda tsada ta hana saye, shafukan African Storybook da StoryWeaver na da littattafan yara kyauta, har da na Hausa, waɗanda ake iya saukewa a waya ko a buga a takarda.