Kwakwar Attagara: Daga Gonakin Gaɓar Teku Zuwa Kasuwar Mile One

Kwakwar Attagara bishiyar gaɓar teku ce. Tana son ƙasa mai rairayi da ruwan sama mai yawa da ɗumi duk shekara, shi ya sa ba ta karɓi ƙasar Hausa ba. Dogon iri yakan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ya fara 'ya'ya, gajere kuwa shekara 3 zuwa 4, kuma kowane ƙwallo sai ya yi kusan wata 12 a sama kafin ya ƙosa. Idan doguwar bishiya ta kama ƙasa takan kai shekara 60 tana haihuwa, ta yadda jikokin wanda ya dasa ta ma za su ci moriyarta.

An daɗe ana ganinta a bayan gidaje a garuruwan bakin teku, amma gonar farko da aka tsara dominta a Najeriya ita ce wadda 'yan mishan na Katolika suka kafa a tsibirin Topo, kusa da Badagry, a shekarar 1876. Daga nan noman ya bazu cikin ƙauyukan yankin, har Badagry ta zama cibiyar kwakwa ta ƙasar nan.

Abin da Turawa ke nema a lokacin shi ne busasshen naman kwakwa, wanda 'yan kasuwa ke kira kofra. Aikinsa na hannu ne, kuma mai wahala. Za a fiƙe ƙarfe ko itace a kafa a ƙasa, a riƙa caka ƙwallon a kai ana yage ɓawon waje. Sai a fasa shi biyu, a tsiyaye ruwan, a shanya a rana ko a jera a kan ragar da aka hura wuta a ƙarƙashinta. Bayan 'yan kwanaki naman yakan saki ƙoƙonsa, a ɓamɓare shi a ci gaba da shanya. Ɗanyen nama kusan rabinsa ruwa ne, kuma dole ya sauko zuwa wajen kashi 6 cikin 100, in ba haka ba ya yi fumfuna a buhu. Hayaƙi kuma, in ya yi yawa, yana baƙanta shi ya karya masa daraja. Kofra mai kyau fiye da kashi 60 cikin 100 nasa mai ne, wanda masana'antun Ingila da Jamus suka riƙa yin sabulu da man shafa wa burodi da shi. Sai an fasa ƙwallo 5,000 zuwa 6,000 kafin a haɗa tan ɗaya.

A Gabashin Najeriya labarin ya sha bamban. An gina Fatakwal ne a 1912 domin fitar da kwal ɗin da aka gano a yankin Enugu a 1909, kuma layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Bayan kwal, manja da ƙwallon kwakwar manja su ne suka cika jiragen ruwa, su ne kamfanoni irin su UAC suka zuba wa kuɗi. Kwakwar Attagara ta tsaya a matsayin bishiyar gida, ana cin ta da gasasshiyar masara. Ga kuma cutar da ta ɓulla a yankin Awka a 1917, mai zubar da 'ya'ya ta busar da ganye ta kashe bishiya, wadda ta ƙara sanyaya gwiwar manoma.

Kasuwar da ta riƙe wannan sana'a daga baya ta cikin gida ce, kuma Hausawa ne ƙashin bayanta. Tun da aka buɗe gadar Makurdi a 1932, jirgin ƙasa ya riƙa sauko da shanu da albasa da wake zuwa Enugu da Fatakwal, ya koma da manja. Fatake suka yi zango a Anacha da Enugu da unguwar Diobu ta Fatakwal, inda kasuwar Mile One take. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun watse wannan zama, sai bayan 1970 aka dawo, manyan motoci suka gaji jirgi. A irin waɗannan unguwanni ne mai baro ke jera aya daga Arewa da dabino daga ƙasashen hamada da yankakkiyar kwakwa daga gaɓar teku, kayan kunun aya ke nan cif. Sauran kwakwar kuma a yi lodinta zuwa Kano da Sakkwato da Maraɗi, inda mata ke yin kwakumeti da alewa, cinikin ya fi kankama da azumi.

Wannan ne ya rage wa kofra ƙarfi. Manomin da dillali zai biya kuɗi hannu a kan ɗanyen ƙwallo ba shi da dalilin ɓata mako guda yana shanya. Buƙata ta zarce abin da ake nomawa, har 'yan kasuwa na tsallakawa yammacin Gana su cika motoci daga ƙasar Nzema, alhali bishiyoyin Badagry sun tsufa, gonaki kuma ana yanka su filayen gini. Abin takaici ne ƙasa mai gaɓar teku ta fiye da kilomita 800 ta riƙa sayen kwakwa daga maƙwabta.

Cibiyar bincike ta NIFOR da ke kusa da Benin, mai reshen dabino a Dutse, tana da reshen kwakwa a Badagry inda ake renon dashe. Gwamnatin Akwa Ibom kuma ta buɗe masana'antar tace man kwakwa a Mkpat Enin a 2022. Sai dai masana'anta ba ta aiki sai da gona, kuma dashen da aka yi yau ba zai kai kasuwa ba sai bayan shekara 3 aƙalla.