Wutar da ke Kwance a Bakolori: Tarihin Tashar Lantarkin da Muka Manta da Ita

Duk ɗan Damri da ke zaune a Kaduna ko Kano ko Abuja, idan aka ambaci Bakolori a gabansa, abu biyu ne ke fara faɗo masa a rai: shinkafa, da kuma jinin manoman da aka zubar a shekarar 1980. Haka abin yake ga 'yan uwanmu na Bakura da Talatar Mafara da Maradun. Amma akwai abu na uku da ba mu cika tunawa da shi ba, alhali kuwa shi ne ya yanke wa aikin noman ranin nan hukunci, wato tashar wutar lantarkin da aka gina a jikin madatsar ruwan. A wannan fitowa ta bana muna so mu waiwayi tarihin wannan tasha, domin a yanzu da kowane gida ke maganar sola da batir da tsadar mai, labarinta ya sake zama namu.

Asalin maganar ya faro ne tun 1969, lokacin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa rahotonta kan kwarin kogin Sakkwato da na Rima. Shawarar da ta bayar ita ce a gina madatsa madaidaiciya a kusa da Talatar Mafara, a bi abin sannu a hankali yadda ba za a tumɓuke manoma daga tsarin da suka gada ba. Sai ga farin nan na farkon shekarun 1970 ya auko, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka bushe. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur suka cika baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Mai yunwa da mai kuɗi suka haɗu, sai ƙaramin aiki ya koma ƙato. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit Bakolori kwangila, kamfanin da gwamnatin Nijeriya ta yi tarayya a cikinsa da wani reshe na kamfanin Fiat na ƙasar Italiya. Aka fara gini a 1974, aka kammala madatsar a 1978.

Wanda bai taɓa tsayawa a kanta ba zai yi wuya ya gane girmanta. Ganuwar ƙasa ce mai tsawon kilomita 5 da rabi, a tsakiyarta kuma ginin kankare mai tsawon mita 360 da tsayin mita 48. Tafkin da ke bayanta an tsara shi ya riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon murabba'in zurfi, ya malale hekta 8,000. Waɗannan hektoci kuwa ba daji ba ne. Gonaki ne da fadamu da garuruwa da makabartun mutane, musamman na ƙasar Maradun. Rikicin diyya ya yi ta ruruwa, manoma suka tare hanyoyin aikin, Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawari a ƙarshen 1979, sannan a ƙarshen watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Ƙidayar da ta fito daga wajen gwamnati ta haura 380. Allah ya jiƙansu. Mun kawo wannan ne domin duk wanda zai yi lissafin wutar Bakolori ya san farashin da aka riga aka biya kafin a kunna ƙwai ɗaya.

To, mu koma ga tashar. A cikin ginin kankaren nan aka dasa injinan da ruwa ke juyawa, masu ƙarfin megawat 3. Yadda suke aiki ba wani sihiri ba ne. Ruwan da aka tare yana da nauyi, idan aka buɗe masa ƙofa daga sama ya gangaro ta cikin bututu sai ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, wuta ta fito. Yawan wutar ya dogara ne ga abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa, da kuma tsayin da yake faɗowa daga gare shi. Saboda haka a ƙarshen damina, lokacin da tafki ya cika maƙil, injin yana da ƙarfi. A watan Afrilu da Mayu kuwa, da ruwa ya ja baya, ƙarfinsa sai ya ragu. Megawat 3 ba komai ba ne idan aka kwatanta da Kainji, wadda aka kammala a 1968 kuma ƙarfinta ya kai megawat 760. Amma a ma'aunin ƙauye abu ne babba, domin kuwa zai iya ba gidaje 3,000 kilowat ɗaya-ɗaya a lokaci guda.

Sai dai ba don gidajenmu aka yi ta ba. An yi ta ne da farko domin ta ciyar da aikin ban-ruwa, kuma a nan ne ƙullin labarin yake. Da aka gama shimfiɗa magudanai da bututu a 1983, filin da aka samu hekta 23,000 ne maimakon 30,000 da aka yi niyya. Daga ciki, hekta 8,000 ne kawai ruwa ke isa gare su da ƙafarsa, yana gangarowa ta kanal. Sauran hekta 15,000, wato kusan kashi biyu bisa uku na aikin, an ɗora su ne a kan feshi: famfuna masu aiki da lantarki su tura ruwa cikin bututu da ƙarfi, ya fito ta kawunan da ke juyawa yana zuba kamar yayyafi. Waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin ba za su manta da wannan abin kallo ba, ruwan sama a tsakiyar rani, rana na dukansa yana walƙiya. Amma tura ruwa zuwa hekta 15,000 ya fi ƙarfin megawat 3, don haka aka haɗa da wata tasha ta injinan dizal mai megawat 7. Ke nan tun ranar farko, galibin gonakin Bakolori ba ruwan dam kaɗai suke sha ba, har da man dizal.

A idon masu tsara aikin wannan ba aibi ba ne. A wancan zamani naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, mai kuwa kusan kyauta yake. Wa zai yi tunanin ranar da kayan gyaran famfo ɗaya daga Turai za su gagari kasafin hukuma? Ranar kuwa ba ta yi nisa ba. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, aka rage wa hukumomin raya koguna aiki da kuɗi. Turawan kwangila sun riga sun tattara nasu ya nasu. Injin da ya tsaya sai a cire wani abu daga jikinsa a gyara ɗan uwansa, har aka wayi gari babu na cirewa. Da wuta ta ɗauke, famfo ya yi shiru. Da famfo ya yi shiru, bututu ya zama ƙarfen banza a gona, ɓarayi kuma ba su yi sanya ba. Zuwa 2003 tsarin feshi ya daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, mafi yawansa shinkafa, kuma a ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa.

Wannan shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kansa. Dam ɗaya, ruwa ɗaya, manoma ɗaya, hukuma ɗaya. Ɓangaren da ya dogara da gangare ya rayu, ko da yake da ɗingishi. Ɓangaren da ya dogara da mai da kayan gyara na ƙetare ya mutu. Sau da yawa mukan ji ana ɗora laifin a kan manomi, wai bai waye da sabon tsari ba. Mu dai a ganinmu wannan zalunci ne a kan zalunci. Manomin da aka karɓe wa fadamar da ambaliya ke shayarwa kyauta kowace shekara, aka ba shi fili mai jiran wuta, ba shi ne ya kashe janareta ba. Hatta Bankin Duniya, da ya amince da rancen dala miliyan 495 a 2014 domin gyara manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, har da Bakolori, bai nemi a tayar da feshin nan yadda yake a da ba. Abin da aka tsara shi ne a gyara kanal-kanal, a kuma mayar da wani sashe na tsohon filin feshi zuwa tsarin gangare.

Wani zai ce, to ai ga wutar gwamnati, me ya sa ba a dogara da ita ba? Mu da muka ga zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, muka ga ta koma PHCN a 2005, muka ga an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 aka haɗa Zamfara da Sakkwato da Kebbi a ƙarƙashin na Kaduna, mun san amsar. Yankinmu yana can wutsiyar layi ne, nesa da tashoshin gas na Kudu da manyan madatsun Jihar Neja. Duk abin da ya sami layin a hanya, mu ne farkon shiga duhu, mu ne kuma na ƙarshen fita. A watan Oktoba na 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta sami layin da ke biyowa ta Makurɗi, jihohin Arewa da dama sun kwashe sama da mako guda babu wuta. Masu injin casar shinkafa da masu ƙanƙara da asibitoci sun ɗanɗana kuɗarsu. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga nasu a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali mafi yawan wutar da suke sha daga nan take zuwa. Wutar da ba a ƙofar gidanka ake yin ta ba, makullinta yana hannun wani.

Ba kuwa ƙaddarar ƙaramar tasha ba ce ta mutu. A tsaunukan Jos, kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra tun 1929 saboda masu haƙar kuza, kuma ya shafe gomman shekaru yana ba jama'a wuta. Bambancin shi ne a can akwai mai sayen wutar, akwai kuɗin shiga, akwai wanda cikinsa zai ɗuri ruwa idan injin ya tsaya. Madatsar Daɗin Kowa a Gombe ta zauna kusan shekara 30 babu injin wuta a jikinta, sai daga baya aka dasa mata na megawat 40. Ita ma Bakolori gwamnatin tarayya ta sanya ta cikin jerin ƙananan madatsun da za a ba 'yan kasuwa hayar tashoshinsu, tare da Jibiya da Zoɓe na Jihar Katsina.

Yau duniya ta juya ga abin da ake kira sauyin makamashi, wato barin mai da kwal a koma ga rana da iska da ruwa. A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060. Mu a ƙauye ba alkawarin Gilasgo ne ya kai mu ga sola ba. Cire tallafin fetur na 29 ga Mayu 2023 ne. Da yawa daga cikinmu mun aika wa iyaye faranti da batir, wasu kuma sun sayi famfon sola domin lambu. Abin a yaba ne. Amma duk wanda ya yi wannan hidima ya san inda gizo ke saƙa: rana tana faɗuwa, hazon hunturu yana rage ƙarfin faranti, ƙura tana lulluɓe shi, batir kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma zafin bazararmu yana rage masa kwana. Batirin nan, kamar famfon feshi na da, daga ƙetare yake zuwa, da dala ake sayensa.

A nan ne tafkin Bakolori yake da wata daraja da masu gininsa ba su yi lissafi da ita ba. Tafki rumbu ne. Kamar yadda muke zuba gero da kaka mu ɗiba da bazara, haka dam ke tara ƙarfin damina ya ajiye. Idan aka haɗa shi da gonar sola, da rana faranti ya ɗauki nauyi a rage sakin ruwa ta injin, da dare kuma a buɗe wa farfela. Ƙasar Gana ta bi wannan hanya a madatsar Bui, inda aka kafa faranti a gefen dam, har da waɗanda ke shawagi a kan ruwa. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Ruwan Bakolori na manomi ne kafin ya zama na injin, kuma lokacin da gona ke son ruwa ba kullum yake dacewa da lokacin da gari ke son wuta ba. Ga laka da yashin da kogi ke zubawa a gindin tafkin shekara fiye da 45, waɗanda ke cinye cikin rumbun a ɓoye. Ga kuma rashin tsaro, wanda mu mutanen Damri ba sai an ba mu labarinsa ba bayan harin watan Mayu na 2022. Injiniya ba ya kwana a tashar da ba ta da mai gadi.

Abu ɗaya ya canza a ɓangaren doka. Gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Madatsar dai mallakar tarayya ce a hannun Hukumar Kogunan Sakkwato da Rima, amma yanzu Gusau tana da bakin magana. Don haka muna ganin ya dace ƙungiyarmu, tare da takwarorinta na Bakura da Mafara da Maradun, su rubuta wa hukumar da ma'aikatar jiha da wakilanmu a majalisa, a nemi amsa a rubuce kan abu uku: halin da injinan nan na megawat 3 suke ciki, yawan ruwan da tafkin ke iya riƙewa a yau bayan laka, da kuma garuruwan da za a fara ja wa layi idan farfelar ta juya. A cikin jerin garuruwan nan, muna so mu ga sunayen waɗanda aka tasa daga gonakinsu a sahun gaba.