Babur Ɗan Haɗi: Tarihin da Ke Ajiye a Zaurukan Ƙasar Karfi

A makon nan za mu ɗan ajiye tarihin sarauta da na yaƙe-yaƙe, mu duba wani tarihi da kullum yake wuce mu a kan hanya yana tuƙa hayaƙi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Karfi ta ƙaramar hukumar Malumfashi lokacin kaka, ya ga irin babur ɗin da nake nufi. An ɗaura masa buhu biyu na masara, mai shi ya matso har kan tanki. A jikin tankin an rubuta Jincheng, amma firam ɗin na tsohon Suzuki ne, fitilar gaba ta wani kamfani daban, kariyar baya kuwa mai walda ne ya ƙera ta da rodi. In ka tambayi mai shi wane iri ne, sai ya yi dariya ya ce maka, "Haɗi ne." Kowane ƙarfe a jikin wannan babur yana da zamanin da ya shigo ƙasar nan, kuma wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai karanta tarihin arzikin yankin Funtua da Malumfashi na kusan shekara ɗari.

Auduga ce ta fara buɗe hanya. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin Turawa na BCGA, wanda bakin Bahaushe ya mayar Bisije, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Manomin da audugarsa ta yi kyau, babban burinsa a lokacin shi ne keke ƙirar Raleigh. Keke ya haifar da mai gyaran keke, mutumin da ya iya faci da ɗaure waya da miƙe taya. A gefe guda kuma maƙeran gargajiya sun koyi sarrafa ƙarfen tsofaffin motoci su fitar da garma da fartanya. Daga waɗannan gidaje biyu, na mai gyaran keke da na maƙeri, bakaniken babur na ƙauye ya gaji hannunsa.

Babur bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas, a 1976 shirin UPE ya watsa malaman firamare cikin ƙauyuka. A 1975 ɗin kuma aka fara shirin raya noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Malamin gona a kan babur, da littafi da samfurin iri a jaka, ya zama abin gani yau da gobe a hanyoyin ƙauye. Honda da Yamaha da Suzuki su ne sunayen zamanin, sai Vespa ta 'yan gayu da manyan malamai. Har an riƙa harhaɗa su a cikin ƙasa: Honda ta kafa masana'antarta a Ota a 1979, kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Legas.

A wancan lokaci haɗi bai taso ba. In wani abu ya lalace, a je kanti a sayo sabo fil a kwalinsa, na kamfanin da ya ƙera babur ɗin. Aikin bakanike bai wuce kwancewa da ɗaurawa ba.

Shekarar 1986 ce ta canza komai. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, aka karya darajar naira. Naira da a farkon shekarun 1980 ta fi dala ƙarfi, kafin ƙarshen 1986 sai an tara uku ko huɗu kafin a sami dala ɗaya, kuma daga nan ba ta daina zamewa ba. Sabon babur ya fi ƙarfin malamin makaranta, balle manomi. Kayan gyara na asali suka yi tsada, wasu suka ɓace daga kasuwa. A daidai lokacin kuma buƙatar babur ta ƙaru, domin motocin haya sun yi ƙaranci, samari marasa aiki sun kama acaɓa. Da ma an ce in babu raƙumi a yi lalo. Sai kanikawa suka fara duban matattun babura da ke jingine a zauruka da wani ido: wannan injinsa ya buga amma firam lafiya lau, wancan ya yi haɗari ya lanƙwashe amma injin na nan da ransa. Gawa biyu, a tayar da mai rai ɗaya. Abin da ba a samu a gari ba, a neme shi wajen 'yan gwangwan, ko a yi tattaki zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka kame-kame ne, amma aikin yana da ƙa'idojinsa. Na farko shi ne zaman inji. Kowane kamfani da inda ya huda ramukan da ake ɗaure inji a firam, saboda haka injin wani ba ya zama a gidan wani sai an yanka kunnuwan ƙarfe an yi musu walda. A nan ake gane gwani, domin dole ƙaramin faranti mai haƙora da ke jikin inji ya yi saiti da babban da ke tayar baya. In suka saɓa ko da kaurin ɗan yatsa ne, sarƙa za ta riƙa cin haƙora, wata rana ta zame ana cikin gudu da kaya. Wanda ba shi da na'urar awo, da zare da miƙaƙƙen ƙarfe yake fitar da wannan saiti.

Na biyu, haƙoran kansu. Mai ɗaukar buhuna a hanyar laka yakan sa a ƙara girman farantin baya, gudu ya ragu amma ƙarfin ja ya ƙaru. Ɗan acaɓar kan kwalta kuwa akasin haka yake nema. Na uku, wuta: tsofaffin babura da yawa batir mai ƙarfin 6 suke amfani da shi, na baya-bayan nan mai 12, wanda ya haɗa wayoyinsu da ka sai ya ƙona ƙwai ko ya rasa wuta a fulogi. Na huɗu, cikin injin. In silinda ta cinye, a kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya ƙara mata faɗi, a nemo fistin da ringi da suka ɗara na da girma. Sannan a zauna da kafireta ana murɗa ta ana sauraro, ana ciro fulogi ana duba launinsa: in ya yi baƙi mai ya yi yawa, in ya yi fari fat iska ta rinjaya. Daga ƙarshe a ƙara wa tayar baya waya masu kauri, a ƙarfafa abin da ke ɗauke gargada, domin Bajafanen da ya zana babur ɗin bai taɓa tunanin buhu biyu da fasinja ba. Da irin wannan ilimi ne wasu masu walda a Arewa suke mayar da ƙaramin babur mai taya uku domin masu lalurar ƙafa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sai ga baburan China. Jincheng, na birnin Nanjing, ya cika ƙauyuka. 'Yan kasuwar Nnewi irin su Innocent Chukwuma na Innoson suka riƙa shigo da babura a wargaje suna haɗawa, suna maye wasu ƙarafa da roba, farashi ya sauko. Daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya kama kasuwar acaɓa. An zaci sabon babur mai araha zai kashe sana'ar haɗi, sai ya ƙara mata jini. Dalili kuwa, yawancin na China kwaikwayo ne na ƙirar Japan. Jincheng ya yi haɗin gwiwa da Suzuki, shi ya sa kayan ƙirar AX100 na kamfanonin biyu suke shiga juna. Injin Honda CG125, wanda aka fitar a 1975 da nufin ya jure ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan kari ba, shi ne kamfanonin China da dama suka kwafa. Sai aka sami sabon salo: tsohon firam na Japan, wanda kanikawa suka yarda ya fi ƙwari, da sabon injin China a cikinsa.

Kada mu ɗauka wannan abin kunya ne da ya keɓanta da mu. A 1946, bayan yaƙi ya ragargaza Japan, Soichiro Honda ya sayi ƙananan injina kimanin 500 da sojoji suka bari, na ba rediyo wuta, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna a garin Hamamatsu. Tankin gwajinsa na farko gorar ruwan zafi ce ta ɗumama shimfiɗa. Wato shi ma Honda da haɗi ya fara. Inda aka rabu shi ne, da injinan suka ƙare sai ya zana nasa ya ƙera, ya kafa kamfani a 1948. Namu kanikawan ba su sami wuta tsayayya ba, ba jari, ba masana'antar da za ta narka musu ƙarfen inji. Kuma ba su rubuta komai ba. Awon kunnen inji da sirrin wane fistin ke shiga wace silinda suna cikin kan maigida, daga nan zuwa kan yaron da ya yi shekaru yana miƙa masa sifana.

Yau kuma wata sabuwar damuwa ta sauka a kan sana'ar. Tun da Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babur ya shiga bakin hukuma. A ƙasar Katsina 'yan bindigar daji suka mai da shi dokin yaƙinsu. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta hana goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka. Babur ɗan haɗi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin lambar firam daban, ta inji daban, takardar da za ta haɗa su babu. Kuma gaskiya ɗaya ce: ɓarayi ma wargaza abin da suka sata suke yi su sayar gunduwa-gunduwa, don haka bakanike mai tsoron Allah ba ya sayen inji sai da shaidu. Manomin da ya tara kuɗin waken suya ya haɗa abin hawansa da halal ɗinsa, shi ke tsayawa yana rantsuwa a shingen bincike. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara tura tsofaffin injina masu shan mai da hayaƙi zuwa hannun 'yan gwangwan, a auna su a sikeli.

A nan ne aikin ya dawo kanmu. Littattafanmu cike suke da sunayen motocin attajirai, amma da wuya ka ga bakanike a ciki, in ba an kira shi ya gyara motar jarumi ya wuce ba. Yaran da suka fara koyon gyara a zamanin Udoji yanzu sun haura sittin, wasu sun rasu. Wanda ke Karfi ko Bakori ko Ƙafur ko Funtua, ya ware yamma ɗaya ya je ya gaishe da tsohon bakaniken unguwarsu, ya zauna a kan benci. Ya tambaye shi, "Baba, wa ya koya muku? Wane babur kuka fara kwancewa, a zamanin wane gwamna? Nawa aka biya ku?" Ya rubuta sunayen kayan yadda suke fita daga bakinsa, kada ya gyara masa su zuwa Turanci. In ya yarda, a ɗauki muryarsa a waya, a ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe. Abin da aka samo a kawo nan mu karanta, mu gwada na Malumfashi da na Funtua mu ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu masu sana'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.