Gajiyar Ido a Gaban Kwamfuta: Bitar Bincike da Darasinsa ga Yankin Gwandu da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala bita ce ta wasu bincike da aka buga a kan gajiyar idon masu daɗewa gaban kwamfuta, tare da auna sakamakonsu da yanayin Cheberu da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi. Matsayarta ita ce, a wannan yanki bushewar ido ce babbar matsala, domin raguwar ƙiftawa tana haɗuwa da iskar hunturu da fanka. Hanyoyin da suka fi samun goyon bayan bincike kuwa su ne waɗanda ba sa cin kuɗi.

Gabatarwa

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, bayan ta fara gwajin hakan a 2013. A shekarar 2013 ɗin ne kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar jiha a Aliero. Yaron da ya tashi a Cheberu yana son karatu mai zurfi ba shi da makawa sai ya zauna gaban allon kwamfuta, haka ma mai shagon buga takardu, da akawun ƙaramar hukuma, da mai sana'ar POS da ke wuni yana duba lambobi a waya. Kukan nasu ɗaya ne: ido yana zafi kamar an watsa masa yashi, rubutu yana dishi-dishi da la'asar, goshi yana sara, wuya ya ƙage.

Abin da ke faruwa a fuskar ido

A 1993 masu bincike biyu na Japan, Kazuo Tsubota da Katsu Nakamori, suka buga wani gajeren rahoto a mujallar New England Journal of Medicine, wanda har yau ake kafa hujja da shi. Sun ƙirga ƙiftawar ma'aikatan ofis 104. Mutum yana zaune ba ya komai, yakan ƙifta ido kusan sau 22 a minti. In yana karanta littafi a kan tebur sai adadin ya sauka zuwa 10. In yana kallon rubutu a kwamfuta kuwa, sau 7 kacal.

Amfanin ƙiftawa ya wuce kore ƙura. Fuskar ido tana lulluɓe da siririn ruwan hawaye, a samansa kuma akwai maiƙo da wasu ƙananan kafofi da ke bakin fatar ido suke fitarwa. Wannan maiƙo shi ne murfin da ke hana ruwan tashi, kamar yadda faifai ke tsare ruwan randa. Duk ƙiftawa ɗaya tana sake shimfiɗa ruwan da maiƙon. In ta ragu, ko ta zama rabi-rabi ba tare da fatar sama ta taɓa ta ƙasa ba, sai wasu wurare a fuskar idon su bushe kafin ƙiftawa ta gaba ta zo. Daga nan zafin yake fitowa, kuma daga nan ne gani ke dushewa sannan ya washe da zarar an runtse ido an buɗe. Wani abin da ke rikita mutane shi ne, busasshen ido yakan zubar da ƙwalla, saboda zafin yana tsokano hawayen gaggawa, masu yawan ruwa da ƙarancin maiƙo, waɗanda ba sa zama.

Akwai sakamako na biyu a rahoton, wanda ba a cika ambatarsa ba alhali ya fi sauƙin aiki da shi. Masu binciken sun auna faɗin idon da ke buɗe ga iska. A lokacin karatun littafi kimanin murabba'in santimita 1.2 ne, a gaban kwamfuta kuwa 2.3, wato kusan ninki biyu. Dalili a fili yake. Almajirin da ya ɗora allo a cinya yana kallon ƙasa, fatar idonsa ta sauko ta rufe rabin ƙwayar. Wanda aka ɗora wa kwamfuta a kan dogon kanta yana kallon gaba ko sama, idonsa a ware, hawayen na tashi daga fili mai faɗi.

Hunturu, fanka da duhu

An yi wancan awo ne a ofisoshin Japan, ƙasa mai laima. A Kebbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kaɗowa daga Sahara da ƙura, kuma damshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ita ce dai ke busar da ido. Da hunturu ya wuce sai bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu, kowa ya juyo da fanka saitin fuskarsa. Iska mai motsi tana hanzarta tashin hawaye, don haka wanda ke buga takardu da fanka a gabansa ya haɗa wa idonsa abu uku a lokaci guda: ƙarancin ƙiftawa, buɗaɗɗen ido, da iska. Kawar da fankar ta koma gefe ko baya gyara ne na daƙiƙa biyar, kuma a ganin mai wannan maƙala ya kamata ya zo a sahun farko na duk shawarar da za a ba mutanen yankin.

Matsalar wutar lantarki ta ƙara nata. In an ɗauke wuta da dare, ɗalibi yakan ci gaba da karatu a waya cikin ɗaki mai duhu, hasken allon shi kaɗai ne a gabansa. Da rana kuma akasin haka ake samu a shagunan bakin titi, inda hasken ƙofa ke faɗowa kan gilashin allo, mai aiki ya riƙa ƙanƙance ido yana leƙe. Ƙa'idar ita ce hasken allo ya yi kusa da hasken ɗaki. Ƙaramar fitilar sola a gefe ta wadatar da dare, da rana kuma a juya tebur yadda taga ko ƙofa za ta kasance a gefen mai aiki.

Nisa da tsokar cikin ido

Akwai wata tsoka a cikin ido da ke ɗaurewa don daidaita gani a kan abu na kusa, kuma aikinta yana ƙaruwa gwargwadon kusancin abin. Kallon abu a nisan santimita 33 yana buƙatar ninki biyu na ƙoƙarin da ake yi a santimita 66. Wani bincike da Mark Rosenfield da abokan aikinsa suka yi a New York suka buga a 2011 ya gano cewa mutane suna riƙe waya a kusan santimita 36 in suna karanta saƙo, 32 in suna duba intanet, alhali takarda akan riƙe ta a wajen 40. Ƙungiyar masana awon ido ta Amurka tana ba da shawarar allon kwamfuta ya kasance santimita 50 zuwa 70 daga ido, tsakiyarsa kuma ta yi ƙasa da saitin ido da santimita 10 zuwa 13. In rubutu bai karantu a wannan nisa ba, a ƙara girman rubutun maimakon a matso da fuska.

Wanda ya haura shekara 40 lamarinsa daban ne. Ganin kusa yana raguwa ga kowa a waɗannan shekaru, kuma babu hutun da zai maye gurbin tabarau. Sai dai tabarau na karatu da ake saya a kasuwa yawanci sun dace ne da nisan littafi, don haka mai aikin kwamfuta ya faɗa wa mai awon ido nisan da yake aiki.

Dokar 20-20-20 da tabarau mai tare shuɗin haske

Wani masanin awon ido na Kalifoniya, Jeffrey Anshel, shi ya yaɗa shawarar nan a shekarun 1990: duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abin da ke nisan ƙafa 20, wato mita 6, na daƙiƙa 20. Ya zaɓi lambobin ne don su zauna a ƙwaƙwalwa, gwaji ya zo daga baya. A Jami'ar Aston ta Ingila an sanya wa mutum 29 manhajar da ke tunatar da su hutun, bayan mako biyu suka ba da rahoton sauƙin bushewa da gajiya. Wani gwajin a New York, wanda aka buga a 2023, bai ga bambanci ba a aikin karatu na minti 40. Gwaje-gwajen ƙanana ne, abin da za a ɗauka a cikinsu shi ne hutu akai-akai yana da amfani, lambar 20 kuwa ba wahayi ba ce. Tashin da ma'aikaci ke yi don alwala da sallar Azahar da La'asar hutu ne mai kyau ga ido da wuya, amma tazarar da ke tsakaninsu ta yi tsawo, ana buƙatar ƙananan hutu a tsakani, tare da runtse ido sosai sau da dama.

Tabarau mai tare shuɗin haske shi ne abin da aka fi tallatawa, shi ne kuma mafi raunin hujja. A 2023 masu bincike ƙarƙashin Laura Downie ta Jami'ar Melbourne suka tattara gwaje-gwaje 17 a bitar Cochrane, ba su sami shaidar cewa yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na yau da kullum ba. Kuɗin da ɗalibi zai kashe a kansa ya fi amfani in ya kai shi awon ido.

Maganin ɗigawa daga kemis

Nan ne haɗarin gaske yake. Gajiyar kwamfuta ba ta makantarwa, amma abin da ake ɗigawa don a kashe ta yana iya yi. Magungunan da ke ɗauke da sinadarin siteroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, suna kawar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake komawa kemis a sake saya ba tare da takardar likita ba. Amfani da su na makonni yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido ya jawo hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Suna kuma kawo yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido da hawan jinin ido su ne kan gaba a sanadi. Bai kamata matashi ya sayo wa kansa ɗayansu da naira kaɗan saboda bushewar da fanka ta jawo ba.

Abin da ya dace da busasshen ido shi ne hawayen roba, waɗanda ba su da siteroyid, da kuma ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan rufaffen ido na 'yan mintuna don narkar da maiƙon da ya daskare a bakin fata. In kuwa akwai ciwo mai tsanani, ko ido ɗaya ya yi ja shi kaɗai, ko haske ya zama abin gudu, ko abu ɗaya ya riƙa rabuwa biyu, ko dishin ya ƙi washewa bayan hutu, to lamarin ya wuce kwamfuta. Sai a nufi sashen ido na manyan asibitocin gwamnati a Birnin Kebbi, inda za a auna matsin idon, kuma in ya ci tura a tura mutum Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai zuwa ya riƙe kwalaben duk abin da ya taɓa ɗigawa ya nuna wa likita.